Otilia da Curin Bazawara

Otilia Kuriakova maƙwabciyata ce. Ƙofarta tana kallon tawa a hawa na uku na benen da muke zaune. Mace ce gajera mai faɗin kafaɗa. Ba ta shafa turare, ba ta barin farce, kuma a duk shekarun aikinta ba ta taɓa ajiye ko tukunyar fure ɗaya a ɗakinta ba, don gudun kada ta kwashi fumfuna a tufafinta ta kai wurin aiki. Ba ta yi aure ba. Yawancin abin da zan faɗa daga bakinta na ji shi, saura kuwa daga bakin wanta Vendel, wanda yakan sauka a wurinta idan ya shigo gari ganin likita.

An haife ta a wani ƙauye a tsaunukan Kysuce, inda dajin smrek, wani dogon itace mai ganyen allura, yake farawa daga bayan shingen gida. Mahaifinsu da doki yake jawo gungume daga gangare. Vendel ya gaji dajin, amma ta sama: yakan ɗaura ƙarafa a ƙafa, ya hau har ƙololuwar itace, ya tsinko kwanson iri domin masu renon dashe. Otilia kuwa ta gama makarantar koyon aikin gona, ta sauko gari, ta sami aiki a wata cibiyar binciken tsirrai. Da wankin kwalabe ta fara. Da aka lura hannunta ba ya rawa, kuma abin da ta taɓa ba ya ruɓewa, sai aka mai da ita ɗakin Dakta Kornel Sivak, wani dogon mutum mai haƙuri wanda ya ba da rayuwarsa ga itatuwa masu ganyen allura.

Aikin ɗakin kuwa ga shi. Idan aka fasa ɗanyen irin smrek, aka ciro ɗan tayin da ke cikinsa, aka kwantar da shi a kan wani abinci mai kama da daskararren kunu a cikin ɗan faranti mai murfi, wani lokaci yakan fitar da farin curi mai laushi da sheƙi. Curin ba shi da saiwa, ba shi da ganye, sai dai ya yi ta ƙaruwa a cikin duhu. Amma idan aka sauya masa abinci, sai ya fitar da 'yan tayi rututu, kowannensu kuwa yana iya zama cikakken itace. Duk mako biyu dole a ɗebi curin da hantsaki a mai da shi sabon faranti, in ba haka ba ya mutu. Wannan shi ne aikin Otilia. Ƙa'idar da aka koya mata, wadda kowa a ɗakin yake bi, ita ce a ɗebi gefen da ya fi fari, ya fi saurin tashi, a zubar da wanda ya yi nauyin jiki ko ya soma yin ruwan ƙasa. Ba a taɓa jin curi ya mutu a hannunta ba. Ko hutun Kirsimeti takan yanke shi ta dawo, ko zazzaɓi take yi takan zo.

Tana wannan aiki, dajin garinsu ya soma mutuwa. Fari ya biyo bayan guguwa, itatuwa suka yi rauni, ƙwaron ɓawo ya shiga cikinsu. Gangaren da ta sani kore shar ya koma ja, daga ja ya koma toka, injin zarto ya yi ta kuka a kansa har aka aske shi. Itace ɗaya kawai ya rage a tsaye a saman ƙauyensu, wani tsohon smrek da mutum biyu ba sa iya rungume shi. Duk ƙwaron da ya huda ɓawonsa, sai ƙaro ya malalo ya nutsar da shi. Mutanen ƙauye suka sa masa suna Bazawara, domin duk na kewaye da shi sun mutu sun bar shi. Tun daga nan ba a ƙara kiran itacen da "shi" ba, sai "ita".

Wata Lahadi Otilia ta je gida, suna cin halušky, wani irin ɗan-wake na dankali, da cukun tumaki, Vendel ya ajiye cokali ya kira ta da sunanta na gida ya ce, "Tilka, bana Bazawara ta yi kwanso. Rabonta da yi an jima. Ke da kike zaune cikin masu farar riga, ba abin da za ku iya yi mata?"

"Me kake so a yi mata, Yaya? A nemo mata miji?"

"Ke da kika kasa nemo wa kanki? Ki bar wasa. 'Ya'yanta nake so. In an sake dasa gangaren nan da irinta, ƙwaro zai sha kunya."

"To ka jira kwanson ya nuna ka tsinko, kamar yadda ka saba."

"Kin ga iskar da take sha ita kaɗai? Ba ta da bango ta kowane gefe. Ban ga alamar za ta kai kaka ba."

Otilia ta kai maganar ga Dakta Sivak. Shi kuwa a lokacin ya sami wata na'ura da suke kira bindiga, wadda ake shigar da sabuwar ƙwayar gado cikin tsiro da ita, yana kuma neman smrek mai ƙarfi da zai ƙara wa kariya daga ƙwari. Ya bi ta zuwa ƙauye, ya hau gangaren yana haki, ya taɓa ƙaron da yatsa, ya shinshina. Ya yi wa Vendel bayani cewa za a shafa ƙwayar gadon a jikin garin zinariya, a harba garin cikin curi da ƙarfin iska.

Vendel ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Dakta, da zinariya za ka harbi itace? Don Allah ka fara da ni. Ga ƙirjina."

"Ba ta kai ta cika maka ramin haƙori ba, Pan Vendel," in ji Dakta. Pan a wurinsu kamar Malam ne, mace kuma Pani.

"To na fasa. Amma ka sani, ni ba ruwana da harbinku. Itace nake so, mai saiwa, wanda zan riƙe da hannuna in sa a ƙasa."

"Za ka samu," in ji Otilia. Ita ta faɗa, ba Dakta ba.

Vendel ya hau Bazawara a tsakiyar lokacin zafi, ya sauko da buhun ɗanyen kwanso mai danƙo. Wannan ne hawan itacensa na ƙarshe, domin huhunsa ya riga ya soma ba shi wahala. Otilia ta yi kwanaki tana fasa iri a ƙarƙashin madubin ƙara girma, sai ta tarar kusan duka fanko ne, saboda babu wani smrek a kusa da iska za ta kawo garin furensa. 'Yan kaɗan da ke da tayi ta kwantar da su. Suka yi ta baƙi ɗaya bayan ɗaya. Guda ɗaya tak ya fitar da farin curi, bai kai ƙwayar gero ba.

Kafin kaka ta ƙare guguwa ta zo, ta tumɓuke Bazawara da saiwarta. Kwanson da ya rage a kanta bai nuna ba. Vendel ya yanki rassa ya gwada aura su a jikin ƙananan dashe, duka suka bushe. Ya bugo wa ƙanwarsa waya.

"Ta faɗi, Tilka. Abin da ke farantinki shi ne ya rage a duniya."

"Yana nan, Yaya. Yana girma."

"Kada ki yi atishawa a kansa."

Da ƙanƙara ta narke, Vendel ya hau gangaren ya haƙa rami kusa da inda Bazawara ta faɗi, ya kewaye shi da shinge don kada barewa ta shiga.

Bindigar akwati ce ta ƙarfe mai ƙofar gilashi. A sa faranti a ƙasa, a zuƙe iskar ciki, a danna. Sai ka ji tas, kamar an fasa leda. Idan aka buɗe, tsakiyar curin ya dagargaje. Idan ƙarfin ya yi yawa, komai ya mutu. Idan ya yi kaɗan, zinariyar ba ta shiga ba. Hanyar sanin ko ta shiga kuwa ita ce a tsoma wani yanki cikin ruwan gwaji, inda ƙwayar ta shiga ya yi ɗigo-ɗigon shuɗi, amma duk yankin da aka tsoma ya mutu ke nan. Sauran sai a ɗora shi a kan abinci mai guba, wanda ba abin da zai rayu a kansa sai wanda ya karɓi sabuwar ƙwayar. Saboda haka bindigar cin curi take yi kamar murhu da itace, kuma Otilia ce mai kawo mata. Ta yi ta ninka faranti, tana zaɓen gefen da ya fi fari da sauri, domin Dakta ya sami abin harbi. Daga ƙwayar gero curin ya cika kanta guda.

Akwai wata cibiya a wani gari mai tukunyar sanyi, inda ake daskarar da curi ya zauna yadda yake shekara da shekaru. Tun farko Dakta ya ce a aika da wani kaso can. Da fari curin bai kai a raba shi ba. Da ya kai, harbi ya yi zafi, kowane faranti akwai ranar da aka sa masa. Aka ce wata mai zuwa, aka ce bayan hutu. Ba wanda ya ji tsoro, domin ga curi nan fari fat, ya fi na kowa lafiya a ginin. Masu sauran ɗakuna har leƙowa suke yi su gani. Sai da aka shekara uku kafin aka aika.

Duk wannan lokaci, kowace shekara idan ƙanƙara ta narke, Vendel yakan ja jiki ya hau gangaren, ya kwashe ƙasar da ta zubo cikin ramin, ya gyara shinge. Idan ya shigo gari sai ya tsaya a bakin ƙofarta, kafin ya cire hula ya ce, "Ina 'yata? Har yanzu tana makaranta?"

"Har yanzu, Yaya. Ka shigo ka zauna, kana toshe mini ƙofa."

"Ko digiri take yi ai ta isa gamawa. Dakta dai bai sayar da zinariyar ya sha giya ba?"

"Dakta ko shayi sai an tuna masa."

A shekara ta huɗu abin da ake nema ya samu. A cikin wani faranti mai guba, inda komai ya yi baƙi, wani ɗan gefe ya farfaɗo fari. Aka tsoma yankinsa, ya yi shuɗi gaba ɗaya, ba ɗigo-ɗigo ba. Dakta Sivak ya rungume Otilia har tabaronsa ya faɗi. Saura abu ɗaya, wanda kowa yake ɗauka shi ne mai sauƙi: a sauya abinci, curi ya ba da 'yan tayi. Otilia ta shirya faranti masu yawa, na curin da aka harba da na wanda ba a harba ba, ta rufe su a duhu. Ta kira Vendel ta ce ya shirya, baɗi ba zai gyara ramin banza ba.

Lokacin da ya kamata 'yan tayi su fito ya yi, ya wuce. Curin ya ci gaba da ƙaruwa, fari, mai sheƙi, har yana taɓa murfi. Babu ko tayi ɗaya. Ta ce ƙila abincin ne, ta haɗa sabo. Ta sauya ruwa, ta sauya sukari, ta sauya kwalabe. Aka karɓo wanda aka daskarar, aka narkar da shi, shi ma haka. Ta ɗauko curin wani smrek da aka fara bara, ta ɗora shi a kan wannan abincin, ya fitar da 'yan tayi kamar haƙoran jariri.

Dakta ya kira ta ofishinsa, ya rufe ƙofa da kansa.

"Pani Otilia, zauna."

"Na fi son tsayuwa, Dakta. Faɗa mini."

"Curin ya tsufa. Na yi magana da waɗanda suka ga irin wannan a wasu wurare. A cikin curi akwai masu saurin ƙaruwa, akwai masu nauyin jiki. Masu nauyin nan, su ne suke kan hanyar zama tayi. Duk lokacin da muka ɗebi farin gefe muka zubar da sauran..."

"Ni na ɗiba."

"Ni na ce ki ɗiba. Ni ma haka aka koya mini. Da na gwada shi tun a shekarar farko, da na gani. Hankalina yana kan bindiga."

"Kana nufin abin da nake zubarwa a bokiti duk shekarun nan, su ne itatuwan?"

Dakta ya cire tabarau yana gogewa.

"To wannan da ya cika kanta, mene ne shi?"

"Abu ne da ya iya ƙaruwa kawai. Ya mance sauran."

"A tuna masa mana. Kai ne Dakta. Ka harba masa abin da zai tuna masa."

"Babu wannan harsashin, Pani Otilia."

A ranar na haɗu da ita a kan matakala. Ta zauna a tsakiyar hawa da jakarta a cinya, ba ta kuka, tana dai kallon hannunta na dama. Na ce, "Maƙwabciya, lafiya?" Ta ce, "Malam, ka taɓa ganin uwar da take zubar da 'ya'ya ta ajiye mahaifa?" Ban gane nufinta ba sai daga baya.

Ba ta gaya wa Vendel ba. Ta roƙi Dakta ya bar mata kanta ɗaya da lokaci, ya bar mata. Daga nan ta juya aikinta gaba ɗaya: ta shiga neman mummunan gefe, mai gudaji, mai ruwan ƙasa, wanda hannunta ya saba kaucewa. Ta gaya mini cewa wannan ya fi komai wuya, domin hantsakin da kansa yake zamewa zuwa fari, sai ta riƙe wuyan hannunta da ɗaya hannun. Ta hana wasu faranti abinci, ta busar da wasu, ta sa wasu a sanyi, ta zuba wa wasu garin gawayi. Duk dabarar da Dakta ya ji labarinta a wani wuri, ta gwada. Mummunan gefen yakan mutu mata, ita da ba ta saba ganin mutuwa a farantinta ba. Wanda bai mutu ba kuma ya koma fari ya ci gaba da halinsa. Ta rame. Ta daina zuwa ƙauye. Ta koma zuwa coci da safe kafin aiki, tana kunna kyandir, ta ce mini tana jin kunyar faɗa wa Allah abin da take roƙo, amma ai Ya sani.

Vendel ya shigo gari a wannan hunturun. Yanzu sai ya huta a kowane hawa kafin ya iso namu.

"Tilka, kin ce baɗi. Baɗin ya zo yana shirin wucewa."

"Sanyi ya jinkirta su, Yaya."

"Sanyi? A ɗakin da kuke hura wuta kamar gidan burodi? Ke, dube ni. Tun kina goye kin iya ƙarya da baki, ba ki iya da kunne ba. Ga su nan sun yi ja."

"Ka sha miyarka kafin ta huce."

"Likita ya ce in daina hawan gangare. Na ce masa sau ɗaya ya rage mini, kuma na riga na yi alkawarinsa. Ki gaya wa Daktanki ya yi sauri. Ba ni da shekarun itace."

Ta shiga kicin ta daɗe ba ta fito ba.

Can wajen ƙarshen hunturu, a wani faranti da ta yi kusan zubarwa, wasu 'yan abubuwa rawaya suka ɗago kai. Ba su da kyau: wasu a murɗe, wasu kumburarru, wasu ba kai. Ta tsince su ɗaya-ɗaya, ta busar da su a hankali, ta kwantar da su a haske. Yawancinsu suka ruɓe. Ɗaya ya fitar da jar saiwa siririya kamar zare, sannan ya buɗe 'yan allurai kore. Ta mai da shi kwalba. Da ya yi tsawon ɗan yatsa, ta mai da shi ƙasa a ƙarƙashin murfin gilashi, tana ɗaga murfin kaɗan-kaɗan don ya saba da iska. Dakta ya gargaɗe ta cewa tayin da ya fito a gurguje yakan yi tsiro marar ƙarfi, kada ta sa rai da yawa. Ta ce ta ji. Amma a ranar ta kira Vendel.

Ya zo a bas, da rigar zuwa coci. Aka sa masa farar riga a kai, aka shigar da shi ɗakin gilashi. Ya durƙusa da ƙyar, ya kai hancinsa kusa da tsiron, ya daɗe yana kallo.

"Wannan ce? Duk zinariyar nan?"

"Ita ce."

"Ta yi kama da ke kina jaririya. Ba wanda ya ce za ki rayu." Ya share hanci. "Ina sauran 'yan'uwanta? Kun ce rututu."

Nan ta gaya masa komai, a tsaye, Dakta yana bakin ƙofa. Vendel ya saurara har ta gama. Ya ce, "Wato ta yi miki kyau ne kika kashe ta da zaɓe." Bai faɗa da zafi ba. Da ya ga fuskarta sai ya ce, "Ke, ɗaya ma itace ne. Uwarta ma ai ita kaɗai ce."

Tsiron ya yi girma kaɗan a lokacin zafi, ya tsaya, ya ɗaure ɗan toho a kansa kamar yadda smrek yake yi kafin sanyi. Aka kai shi ɗakin sanyi ya yi barcin hunturu. Otilia ta ci gaba da fama da kantarta ko za a sami na biyu, ba a samu ba. Da lokacin farkawa ya yi, aka fito da shi tare da sauran tsirran ɗakin. Na kowa ya fashe toho, ya fitar da sabon ganye mai laushi. Nata bai motsa ba. Ta matsar da shi kusa da fitila, ta matsar da shi nesa. Ta rage ruwa, ta ƙara. Alluran ƙasa suka soma zuba. Ta ce wa Dakta wasu sukan makara. Ya ce haka ne, wasu sukan makara. Takan tsaya a kansa tana yi masa magana a hankali, har ma'aikatan ɗakin suka koma fita idan ta shigo. A ƙarshe wata safiya ta sa ƙumba ta kankare ɓawon kaɗan a gindi. Ƙarƙashinsa ba kore ba ne. Ta zare shi daga tukunya, saiwar ba ta ƙaru ba tun daga kwalba; ta naɗe a wuri ɗaya, ta ruɓe.

Ba ta yi waya ba. Ta hau bas ta tafi ƙauye, ta sami Vendel a kan benci a bakin ƙofa, da bargo a gwiwa. Da ya hango ta hannu wofi a tsakiyar mako, sai ya gane. Ya matsa mata wuri ta zauna. Bayan wani lokaci ya ce, "Masu gandun daji suna dasa buk, itacen nan mai faɗin ganye, a gangaren yanzu. Sun ce smrek ya gama zamaninsa a nan. Ki gaya musu akwai rami a sama, da shingensa. Kada ya tafi a banza."

"Yaya, curin yana nan. Zan sake gwadawa."

"Har yaushe?"

"Har ya tuna."

"Tilka, ki bari. Abin da ke farantin nan ba ita ba ce. Ke ma kin sani."

Ba ta bari ba. Ta ƙara shekara biyu a kan kantar, har lokacin ritayarta ya zo, Vendel kuwa ya riga ya rasu a tsakanin. Ko tayi ɗaya ba ta ƙara gani ba. A makonta na ƙarshe Dakta Sivak ya ce mata za a iya damƙa curin ga wadda za ta gaje ta, ta ci gaba da sauya masa faranti, tun da yana da rai kuma ba ya ba da wahala.

Otilia ta ce, "Don ta tsufa tana ciyar da shi kamar ni? A'a, Dakta. Kai ka faɗa mini gaskiya, ba don ka lallashe ni ba: akwai itace a cikinsa?"

"Babu, Pani Otilia."

"To ba ni makullin tukunyar tururi."

A wannan tukunyar ake kashe duk abu mai rai da za a zubar daga ɗakin. Dakta ya ce zai sa wani ya yi. Ta ƙi. Ta kwashe farantan da kanta, ta jera su a kwando, ta rufe tukunyar, ta murɗa, ta tsaya a wurin har tururin ya gama aikinsa ya huce. Sannan ta wanke kwandon, ta rataye farar rigarta, ta fito.

Tana nan a hawa na uku. Idanunta sun yi rauni, amma hannun har yanzu ba ya rawa. Ita take sa wa matan benen zare a allura. Ba ta komawa Kysuce sai ranar ziyarar kaburbura, kuma takan dawo a bas ɗin yamma, ba ta kwana.